Ciwon Ciki Daga Wata Huɗu Zuwa Shida: Wanne Ne Na Haƙuri, Wanne Ne Na Asibiti?

Assalamu alaikum masu saurare, barkanmu da hantsi. Ya sanyin Jos? Ni dai yau sai da na ɗora suwaita a kan rigar aiki kafin na iya fitowa.

Darasinmu na yau na masu juna biyu ne waɗanda suka haye laulayin farko, wato daga mako na 14 zuwa na 27. Amai ya tsaya, abinci ya fara zama, sai kuma ga ciwon mara ya ɓullo. Ba ranar awon da za ta wuce ba a ce min, "Sista, wannan sukan da nake ji a gefe fa?"

To, 'yar'uwa, ki saurara. Mahaifarki kafin ciki ba ta fi dunƙulen hannunki ba. A mako na 20 kuwa ta taso har cibiya. Akwai jijiyoyi biyu, dama da hagu, da suka riƙe ta zuwa matsematsi, kamar igiyoyin da ake ɗaure rumfar biki da su. Mahaifa na girma, igiya na miƙewa. Shi ya sa in kin zabura daga tabarma, ko kin yi atishawa, ko kin juya a gado, sai ki ji tsit, kamar an soka miki tsinke, galibi ta dama. Kafin ki gama salati ya tafi. Wannan ba ya taɓa yaro. Ki riƙa tashi a hankali, in tari ya zo ki ɗan sunkuya ki tallafe marar, in za ki kwanta ki kwanta ta gefe da filo a tsakanin gwiwoyi.

Akwai kuma na taurin bayan gida da kumburin ciki. Ciki yana sa hanji nawa, ƙwayar ƙarin jini da muke ba ku ita ma tana ƙarawa. Amma kar ki ce za ki daina shan ta. Ruwa za ki ƙara. Na san mu, da sanyi ya shigo sai mu wuni ba mu sha kofi biyu ba. Ɗumama shi ki sha. Ganye kuma, mu da muke da kasuwar Farin Gada ai ba mu da uzuri: kabeji, alayyafo, karas, ga gwaten acca.

Wani lokaci cikin zai ɗaure tamau na ɗan lokaci ya sake, ba tsari, ba ya ƙaruwa. In kin sha ruwa kin kishingiɗa sai ya lafa. Mahaifa ce ke gwaji.

Kin ga, in an cire taurin bayan gida, duk waɗannan halinsu ɗaya. Motsi ke kawo su, hutu ke korar su, kuma su kaɗai suke zuwa. Wanda nake tsoro shi ne ciwon da ya zo ya zauna, ko ya zo da ɗan rakiya.

Ɗan rakiya na farko jini ne. Ko ɗigo ne, ki tafi. Haka in ruwa ya ɓalle miki, ko kina jin jiƙewa da ba fitsari ba. Wani zubin ma mabiyiya ce ke ɓanɓarewa daga jikin mahaifa, jinin ya taru a ciki bai fito ba, sai dai ciki ya yi tauri kamar katako, ciwon ba ya sassautawa. Wannan ko ƙarfe biyun dare ne ba a jiran asuba.

In ciwon yana zuwa yana tafiya a jere, duk minti goma ko ƙasa da haka, ga baya ya riƙe, ga nauyi a ƙasa kamar abu zai faɗo, to naƙuda ce ke neman zuwa ba lokacinta ba. In kin iso da wuri akwai abin da za a iya yi.

Sai zazzaɓi. Ciwon mara da zafin fitsari, ko ciwo a kwiɓi da rawar sanyi, sau da yawa ƙwayoyin cuta ne a mafitsara, kuma in an bar su sukan haura ƙoda, su tayar da naƙuda. Zazzaɓin cizon sauro ma haka. Kar a ce ai Jos sanyi, ba sauro. A yi gwaji.

Yanzu ga wanda ya fi yaudarar mutane. Ciwo a saman ciki, ƙarƙashin haƙarƙarin dama ko a ƙahon zuci. Kowa sai ya ce olsa ce. Daga mako na 20 zuwa sama, in wannan ciwon ya haɗu da ciwon kai mai tsanani, ko gani dishi-dishi, ko fuska da hannu sun kumbura har zobe ya ƙi fita, hawan jinin masu ciki ne, wanda ke kai wa ga jijjiga. Awon jini in ya kai 140 bisa 90 mu a wurinmu magana ce babba. Na taɓa karɓar wata yarinya, cikin fari, wata shida. Kwana uku tana shan maganin olsa daga kemis, kunya ta hana ta faɗa wa uwar mijinta cewa idonta na ganin walƙiya. A cikin keke ta fara jijjiga, suka iso da ita harshe duk a tattaune. Allah Ya yi da sauran kwana. Har yau in na tuna hannun uwar mijin nan yana rawa a kan katin awo, sai jikina ya yi sanyi.

Mai sikila, ke naki daban ne, ko wane ciwo ki zo. Wadda ta saba jin motsin ɗanta sai ta ji ya ragu ko ya ɗauke, ita ma haka. Afendis ma yana kama mai ciki, kuma da yake mahaifa ta ture shi sama, ciwon ba lalle ya tsaya inda aka saba ba.

Batun magani: farasitamol ba laifi, yadda aka rubuta miki. Ibuprofen da diclofenac, da haɗin nan na kemis da ake ƙullawa a leda, ki bar su, suna iya taɓa ƙodar yaro su rage ruwan da yake kwance a ciki. Jiƙo da saiwa kuma, iyayenmu mata ku gafarce ni, ba wanda ya san ma'auninsu.

Maigida, saura kai. Ka ba da izini tun yau, kar sai an neme ka a waya kana kasuwar Terminus. Ka aje lambar mai keke ɗaya a unguwa da ɗan abin mota a gida. In alamar mai nauyi ce, asibiti mafi kusa za a fara nufa, su za su tura ku Asibitin Koyarwa na Jami'ar Jos, wato JUTH, a Lamingo ko asibitin Plateau Specialist in abin ya fi ƙarfinsu. A tafi da katin awo.

Awon kansa, Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce a je aƙalla sau 8, don a nan ake kama hawan jini tun bai yi magana ba. Ga mai gabatarwa yana nuna min agogo. Bayan talla za mu buɗe layi, wadda za ta kira ta faɗa min makon cikinta tukuna, sannan inda ciwon yake.