Majalisar Fim: Motocin asibiti masu tseren ɗaukar mara lafiya

Nura: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa. Ni ne Nura, ga Anti Zainab ta taso daga aikin dare ko hutawa ba ta yi ba, ga kuma Abba. Yau tsohon fim muka ɗauko, na Amurka, wanda ya fito a 1976, sunansa Mother, Jugs & Speed.

Zainab: Wa alaikumus salam. Malam Nura ni dai tun kafin mu fara zan faɗa, ka ce min fim ɗin barkwanci ne, na zauna da shayina ina jiran dariya, wallahi kafin a gama sai da na ajiye kofin.

Abba: Ni ma haka Anti. Farkonsa dai ka yi dariya, can tsakiya sai ka ji dariyar ta maƙale maka a wuya.

Nura: To ai shi ya sa na kawo shi. Bari na ɗan shimfiɗa wa wanda bai gani ba. A birnin Los Angeles ne, kamfanoni biyu masu zaman kansu na motocin ɗaukar marasa lafiya, ɗaya F+B ɗaya Unity, suna ta gasa a kan wa zai samu kwangilar ƙaramar hukuma. Shi F+B ɗin na wani ne Harry Fishbine, mutum mai son kuɗi kamar ransa, kullum yana cikin faɗa da lissafi. Peter Yates ne ya ba da umarni, wanda ya yi Bullitt a 1968, to ka san mutum ne da ya iya ɗaukar gudun mota. Tom Mankiewicz ya rubuta.

Abba: Sunan fim ɗin ma ya ruɗe ni da farko, na ɗauka wasu kalmomi ne kawai aka jera.

Nura: A'a laƙabin mutum uku ne. Mother shi ne Bill Cosby, direban da ya fi kowa iya aikin a kamfanin. Speed shi ne Harvey Keitel, ɗan sanda ne da aka dakatar daga aiki saboda ana zarginsa da sayar da hodar iblis, ya zo nan yana neman na abinci kafin a gama shari'arsa. Sai Jugs, ita ce Raquel Welch, sakatariya mai ɗaukar waya.

Zainab: Ita kuma laƙabin nata na rashin kunya ne, surar jikinta mazan ofis ɗin suke nufi da shi, sunanta na gaskiya Jennifer, kuma ni Jennifer zan riƙa kiranta a shirin nan.

Nura: Daidai ne Anti.

Abba: Ni abin da ya fara kama ni shi ne jawabin da mai kamfanin ya yi wa direbobinsa a farkon fim. Ya tara su yana musu huɗuba kamar zai tura su yaƙi, ka ɗauka zai ce ku je ku ceci rayuka, ashe farashi yake tuna musu. Kowane mutum da aka ɗauko dala 42 da santi 50 ne, sannan santi 50 a kowace mil. Shi kenan fa, ciwon mutane shi ne hajarsa.

Zainab: Wannan lissafin shi ne fim ɗin gaba ɗaya Abba. In ka ce wa direba kuɗinka yana kan yawan kawunan da ka ɗauko, to ka gama koya masa hali. Zai yi gudu, eh, amma gudun riga wancan kamfanin yake yi, ba gudun riga ajali ba. Shi ya sa za ka ga motoci biyu sun iso wuri ɗaya ana cacar baki a kan waye mai wannan mara lafiyar, shi kuma bawan Allah yana kwance yana nishi ba wanda ya ko duba numfashinsa.

Abba: Amma Malam Nura da gaske haka abin yake a Amurka a lokacin, ko dai ƙarin gishiri ne na 'yan fim?

Nura: Akwai gishiri amma naman na gaske ne. A 1966 hukumar masana kimiyya ta ƙasar ta fitar da wani rahoto a kan mace-macen haɗari, a ciki suka nuna kusan rabin aikin ɗaukar marasa lafiya a ƙasar masu sana'ar shirya gawa da binnewa ne suke yin sa.

Abba: Kai! Masu binne gawa?

Nura: Su fa. Dalilin kuwa mai sauƙi ne, su ne suke da doguwar motar da mutum zai iya kwanciya a ciki ya miƙe ƙafa. Yawancin masu tuƙin ba su da wani horo na kirki, a ɗauke ka a zura a mota a taka wuta, in ka isa da rai to. Lambar kiran gaggawa ta 911 ma sai a 1968 aka fara amfani da ita, a wani ƙaramin gari Haleyville a jihar Alabama. A California kuwa sai a 1970 gwamna Ronald Reagan ya sa hannu a dokar da ta ba ma'aikatan ceto damar yi wa mutum magani tun a hanya ba sai likita yana tsaye a wurin ba. To ka ga fim ɗin ya faɗo daidai lokacin da tsohon tsari yake mutuwa sabon bai gama tsayawa da ƙafarsa ba.

Zainab: Kuma kar mu wuce ba mu ambaci mutanen Pittsburgh ba, don ni duk sanda aka yi zancen nan su nake tunawa. Freedom House, wata ƙungiyar motocin ɗaukar marasa lafiya. A 1967 aka kafa ta a unguwar baƙaƙen fata da ake kira Hill District, inda in ka kira mota ma ba lallai ta zo ba. Aka ɗebo samarin unguwar, da yawansu ba su da aikin yi, Dakta Peter Safar ya koya musu aikin sosai, yadda ake danna ƙirji a dawo da bugun zuciya, yadda ake buɗe hanyar numfashi, sa ruwa a jijiya, duk a cikin mota. Suna cikin na farko-farko a ƙasar da suka kai wannan matakin. A 1975 birnin ya janye tallafi ya kafa nasa, aka rufe su. Shekara ɗaya kacal kafin fim ɗin nan ya fito.

Abba: Subhanallah. To shi Mother ɗin kenan irinsu ne?

Zainab: Ba zan ce irinsu ba ne, don shi giya yake sha a bakin aiki, tana nan a cikin motarsa, ga tsokanar sistocin coci da yake yi da jiniya in suna tsallaka titi. Amma in aka zo kan mara lafiya hannunsa ya san aiki, kuma yana kula da abokan aikinsa. Irin mutanen nan ne da aiki ya gajiyar da zuciyarsu amma bai kashe ta ba, na yi aiki da irinsu.

Nura: Sai dai dole mu faɗa, kallon Bill Cosby yau ba kamar kallonsa a da ba ne. Mata da yawa sun zarge shi da cin zarafi, kotu ta same shi da laifi a 2018, sannan babbar kotun Pennsylvania ta soke hukuncin a 2021 saboda yadda aka bi shari'ar.

Zainab: Kuma abin ya fi nauyi saboda a cikin fim ɗin akwai wani direba Murdoch, Larry Hagman ne ya fito a shi, wanda ya nemi ya taɓa wata yarinya da ke sume a bayan mota. Wurin nan ban ga abin dariya ba ko kaɗan, kuma a ganina masu fim ɗin sun yi wasa da abin da ba a wasa da shi. Mara lafiyar da ba ta cikin hayyacinta amana ce, iyayenta ba sa nan, mijinta ba ya nan, kai kaɗai ne da Allah.

Abba: Shi ne kuma mai cacar gawa ko? Suna zuba kuɗi a kan gawa nawa za a ɗauko.

Nura: Shi ne. Kuma ka tuna abin da ya biyo baya. Leroy, yaron da ke bin motar Mother, sun je kira wani gida sai wata 'yar ƙwaya ta fito da bindiga tana neman a ba ta magani, ta harbe shi nan take. Ba kiɗa ba gargaɗi, ana cikin raha kawai sai ga gawa. Da suka koma ofis Murdoch ya buɗe baki wai a ƙirga Leroy a cikin cacar, Mother ya rufe shi da duka.

Abba: Wallahi Malam da ni ne a wurin da na taya shi.

Zainab: Ni kuma inda ya karya ni daban ne. Jennifer ta gaji da zaman ɗaukar waya, ta je a ɓoye ta yi karatu ta samo takardar shaidar aikin ceto, mai kamfanin ya ƙi ba ta mota don ita mace ce, sai da ta nuna masa za ta kai shi ƙara. To ta samu ta fara fita. Sai suka ɗauko wata mata tana naƙuda, suka kai ta asibiti, asibitin ya ƙi karɓarta aka ce su tafi wani. A cikin motar ta haihu, jini ya ɓalle, Jennifer tana ta ƙoƙari da hannunta biyu, matar ta cika.

Nura: Allahu akbar.

Zainab: Malam Nura ni ungozoma ce, na san jinin nan. In mahaifa ta ƙi tsukewa bayan haihuwa jini ba ɗiga yake ba, zuba yake, za ka ga zanin ya jiƙe ka canja wani ya jiƙe, leɓen mace ya yi fari, hannunta ya yi sanyi tana ce maka ƙishirwa take ji. Abin da ake buƙata ba wani abu ne mai wuya ba, allurar da ke sa mahaifa ta tsuke, a murza cikin, a sa ruwa, a samu jini a ƙara. Duk suna cikin ginin da aka kore ta daga bakin ƙofarsa. Ba gudun mota ne ya gaza ba, motar ta iso a kan lokaci.

Abba: To doka ba ta hana asibiti yin haka ba a lokacin?

Nura: Dokar tarayya da ta tilasta wa asibitocin Amurka su duba duk wanda ya zo sashen gaggawa, har da mace mai naƙuda, ko yana da kuɗi ko ba shi da shi, sai a 1986 aka yi ta. Shekara 10 bayan fim ɗin. Kafin nan tura talaka wani asibitin abu ne da ake yi.

Zainab: Mu ma nan Najeriya ai muna da ita a rubuce, dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta ce ba a hana mutum kulawar gaggawa bisa kowane dalili. Amma ni da kaina na raka maƙwabciyata cikin dare a a-daidaita-sahu, kanta a cinyata, ƙafafunta sun leƙo waje, muka isa wani asibiti aka ce sai an biya kuɗin kati da na ajiya tukun. Mijinta yana tsaye yana ta kiran 'yan uwa a waya a turo masa kuɗi. Allah ya yi da sauran kwananta ta tashi. Shi ya sa da na ga wurin nan a fim na kasa ci gaba, sai da na tsayar na fita tsakar gida na sha iska.

Abba: Allah ya ƙara mata lafiya Anti. Ni tambayata, me ya sa za a saka irin wannan a fim ɗin dariya? Da sun yi shi na tausayi zalla mana.

Nura: Ni a ganina da sun yi haka da sun yi ƙarya. Duk wanda ya zauna da direbobin motar asibiti ko ma'aikatan dare ya san suna raha a kan abin da kai ba za ka iya ko kallo ba, da ita suke samu su kai safiya. Inda nake da ja da fim ɗin shi ne wani lokacin ba ya bambance dariyar da ma'aikaci ke yi don ya jure da wadda ake yi wa shi mara lafiyar. Kamar wurin da suke fama da saukowa da wata mata mai jiki daga bene gadon ya kuɓuce musu, an shirya shi ne don mu yi mata dariya, ni kuwa tausayinta na ji.

Zainab: Na yarda da kai. Raha a ɗakin hutu daban, a gaban mara lafiya daban.

Abba: Ƙarshen fa Malam, mu faɗa ko mu bar wa masu son kallo?

Nura: Fim mai shekara kusan 50 ai ba sirri. Murdoch ya dawo ofis a buge da bindiga ya yi garkuwa da matar mai kamfanin, aka yi harbe-harbe, 'yan sanda suka kashe shi. Kamfanonin biyu kuma suka haɗe suka zama ɗaya don kwangilar ta zauna. Mother ya koma kan sitiyari, Jennifer a gefensa.

Zainab: Farashin dai bai canja ba.

Nura: Bai canja ba Anti. Abba duba mana saƙonnin da aka turo a kan shirin makon jiya kafin lokaci ya ƙure.