Na saka babbar riga na je Comic-Con, sai suka ɗauka shigar fim na yi

Assalamu alaikum jama'a, ku yi haƙuri da muryata, tun jiya ta dishe. Kafin na nuna muku komai bari na fara da abin da ya tsaya min a rai, don wallahi har na kwanta da shi na tashi da shi. Jiya Juma'a, ko minti 10 ba mu yi da saukowa daga jirgin cikin gari ba, ni da yarona muna tsaye muna jiran a ba mu hannu mu tsallaka zuwa babban zauren taro na San Diyego, sai wani ƙaton bature da garkuwa a goye a bayansa ya matso yana washe baki, wai dan Allah zai ɗauki hoto da ni. Na ce bismillah. Ana gama ɗauka sai ya ce min wai wane jarumi na kwaikwayo, ɗan Wakanda ne, ƙasar nan ta fim ɗin Black Panther? Kai jama'a! Raina ya ɓaci. Babbar rigata ce fa ta Juma'a, shadda fara da aikin aska takwas, da hulata, irin shigar da na tashi na ga mahaifina yana yi duk sati in zai tafi masallaci a Zariya. Na ce masa malam wannan ba kayan wasa bane, kayana ne, haka muke sawa a garinmu. Ya yi ta ba da haƙuri, kuma gaskiya ba da wulaƙanci ya yi ba, amma kafin mu kai bakin ƙofa mutum 4 sun sake yi min irin wannan tambayar.

To ga waɗanda ba su san wurin ba, wannan shi ne Comic-Con, taron masoya littattafan zane da finafinan jarumai da ake yi duk watan Yuli a nan Kalifoniya. Kwana 4 ne, Alhamis zuwa Lahadi, da ɗan buɗe ƙofa da ake yi Laraba da yamma. Mutane sama da 130,000 ke zuwa. Abin da aka fara a 1970 a ƙarƙashin wani otal, US Grant, da mutum wajen 300 kacal. Ku dubi wannan bidiyon da na ɗauka daga saman bene, ko ƙasa ba ka gani, kawuna ne kawai. Ni dai rabon da na shiga matsi irin wannan tun ranar hawan sallah a ƙofar fada, sai dai a can dawakai ne da ƴan kwalkwali da algaita, nan kuma mutum ne zai wuce ka da fukafukai, wani ya shafe jikinsa kaf da koren fenti, wata tsohuwa a keken guragu an mayar mata da keken kamar jirgin sama na yaƙi. Har takubba da bindigogin roba da suke riƙewa sai an kai wani tebur an duba an ɗaura musu alama kafin a bar su shiga.

Ni fa ba don kaina na zo ba tun farko. Yarona ne, shekararsa 9, a birnin Finiks na jihar Arizona aka haife shi, shekara biyu kenan yana min magiya. Katin shiga ma samunsa wani aiki ne, tun watannin baya ake sayarwa a intanet, sai ka yi rajista ka samu lamba, ranar sayarwa a zuba ku a ɗakin jira na kwamfuta kamar ƙuri'a, in rabonka ya rantse ka samu. Wani abokin aikina ne layi ya faɗo kansa ya saya min na rana ɗaya, dala 70 da ɗoriya, shi kuma yaro tunda bai wuce 12 ba kyauta ne in yana tare da babba. Dan Allah kar wanda ya yaudare ka a waje ya ce zai sayar maka da nasa, da sunan mutum a jiki, kuma sai ka manna shi a na'ura kafin ka shiga, kuɗinka ne kawai zai tafi a banza. Otal kuwa na kusa da wurin ban ma tsaya ba, na ga sama da dala 400 kwana ɗaya na rufe wayata, muka kama can nesa wajen Chula Vista, jirgin cikin gari dala 2 da rabi ya kawo mu har bakin wurin. Awa 6 muka yi a mota daga Finiks ta hanyar Yuma, mun baro zafi sama da digiri 43 irin na Sakkwato a watan Afrilu, muna gangarowa daga duwatsu sai ga iskar teku mai sanyi, har sai da na kashe esi na sauke gilashi.

Mu koma kan rigar. Muna cikin babban falon da ake baje kaya, ina ta tattare hannun riga ina ɗorawa a kafaɗa don kar ta maƙale a fukafukin wani, sai wata mata ta tsayar da ni, za ta kai shekara 60, ita kuma ta yi shigar wata sarauniya da doguwar riga mai nauyi. Na riga na shirya amsata. Ashe ita ba wannan ta kawo ta ba. Ta cire tabarau ɗaya ta saka wani, ta nemi izini, ta sunkuyo daf da aljihun rigar tana bin zaren da ido, sannan ta ɗan juya bakin wuyan ta kalli cikin. Ta ce wannan da hannu aka yi, ba keke ba. Na ce ƙwarai. Ta ce wata nawa? Na ce wanda ya yi min ya kusa wata 3 a kai, a zaune a zaure, allura da zare kawai. Wallahi matar nan sai ta dafe ƙirji, ta kira mijinta ya zo ya gani, ta nuna masa ƴan ƙananan ramukan nan da ake zagayewa da zare ɗaya bayan ɗaya, ta ce ita tata rigar wata 8 ta yi tana ɗinkawa da daddare in ta dawo aiki, don haka ta san abin da idon mutumin nan da bayansa suka sha. Na yi mata bayanin askar, na ƙirga mata su guda takwas, na gaya mata bayan an gama ana kai wa masu bugu su buga ta da ƙota a kan gungume har ta yi wannan sheƙin. Ta ce in na koma gida na gaishe mata da shi. Jama'a nan take ɓacin ran nan ya sauka. Daga nan duk wanda ya tambaye ni sai na tsaya na ce masa daga Zazzau take, arewacin Najeriya, kuma ba alfahari ba, a duk falon nan ban ga ɗinkin da ya kai nawa ba.

Wakandan da suke ta kira ma ai ba wata ƙasa bace, zane ne. Stan Lee da Jack Kirby ne suka ƙirƙiro Black Panther, jarumin Wakandan, a 1966, kuma shi Kirby yana cikin baƙin taron farko na 1970. Wato wasu mutum biyu a Amurka sun zauna da fensir sun ƙago ƙasar Afirka, yau ita duniya ta sani, mu da muke da ganuwa da sarauta da tarihi na gaske sai an tambaye mu ko daga can muke. Wannan ya tsaya min.

Da rana ta yi muka fita Juma'a, katin yana ba ka damar fita ka dawo. Muka ɗauki mota zuwa City Heights inda ƴan Somaliya suke da yawa, bayan sallah muka ci shinkafa da naman akuya, da ayaba a gefen faranti yadda suke ci, mu biyu dala 30 har da shayi mai kayan ƙamshi. Ku ci a waje, ina gaya muku. A ciki yankan fiza ɗaya da ruwan roba sai da na ba da kusan dala 15, kuma ba ka da tabbacin abin da ke kai. La'asar kuma a bayan ginin muka yi, ta wajen ruwa inda ƙananan jirage ke ɗaure, na shimfiɗa ɗan dardumata a kan ciyawa. Mu a gida in an ce alƙibla gabas kawai ake cewa, a nan kuwa waya ta nuna min arewa ne ya ɗan karkata gabas, shekara nawa ina ƙasar nan amma har yau sai jikina ya so juyawa wajen fitowar rana. Ba wanda ya dame mu, wani ma da kayan sojan sararin samaniya ya zagaye ta bayanmu don kar ya gifta.

A can ne na ga layin Hall H, zauren da ke ɗaukar mutum wajen 6,500, inda manyan kamfanonin fim ke kawo taurarinsu. A nan ne a 2024 Robert Downey Jr ya cire abin rufe fuska aka gane shi zai fito a matsayin mugun nan Doctor Doom. Mutane da kujerun naɗewa da barguna tun Juma'a suna jiran na Asabar. Ni ban bi ba, da yaro ba zai yiwu ba, kuma ba shi ya dame ni ba.

Inda ya kama ni shi ne layin masu zane, can ƙarshen falo. Ƙananan tebura a jere, kowa da nasa, mutum na zaune yana zana maka abin da kake so a gabanka. Na tsaya kan wani dattijo mai furfura, hannunsa har rawa yake in ya ɗaga kofi, amma da ya ɗora alƙalami a takarda layi ɗaya ya ja tun daga kafaɗa har yatsa bai ɗaga ba. Yarona ya ce Baba dan Allah, na biya dala 40 aka zana masa Spider-Man a cikin minti 15. Ina tsaye sai na tuna ina aji 4 a firamare, bayan littafin lissafina duk dawakai ne da mahaya, wani malami ya kama ni ya yi min bulala 6 a gaban aji ya yaga shafin, ya ce aikin banza. Tun ranar ban ƙara zana doki ba. Ga shi nan mutum ya tsufa a kan wannan aikin, ya ci ya sha ya aurar da ƴaƴa, mutane na layi suna ce masa ranka ya daɗe irin tasu. Gaba kaɗan kuma masu tsofaffin littattafai, kowanne an rufe shi a cikin roba mai tauri an manna masa maki, 10 ne ƙarshe. Wanda Spider-Man ya fara fitowa a ciki a 1962, senti 12 na Amurka aka sayar da shi a lokacin, ko kwatan dala bai kai ba, a 2021 an sayi kwafi ɗaya dala miliyan 3.6. Takarda fa!

Na yi ta dubawa ko zan ga namu. A wani tebur na samu Malika, na wani ɗan Najeriya Roye Okupe, labarin sarauniya mayaƙiya a wata daula da ya kira Azzaz, wanda tarihin Sarauniya Amina na cikin abin da ya gina shi a kai. Na saya nan take ban ko nemi ragi ba, na ji daɗi sosai, Allah ya ƙara masa basira. Amma na riƙe littafin ina tunani, ina yaran Zariya da Kano da Damagaram masu zane a bangon shago da bayan Keke Napep? Ina Bayajidda da macijiyar rijiyar Kusugu? Ina Dodo, ina Botorami?

Gargaɗi ɗaya ga iyaye, in za ka zo da yaro ka shirya, akwai shigar da sai ka juya masa kai, wasu matan kusan ba komai a jikinsu, ni dai hannunsa na riƙe ina canza hanya. Kuma kar ka yi kuskuren da na gani wajen wasu, ɗaukar mutum hoto ba izini, a tambaya tukuna. Takalmi kuma sau ciki mai laushi, wayata ta ƙirga min taku sama da 20,000.

Da daddare a jirgin komawa yaron ya jingina da ni, har lokacin da kayan Spider-Man ɗinsa a jiki, ya rungume zanensa, yana ta zuba min tarihin jarumin, sunan kawunsa, sunan makarantarsu, wa ya cije shi, duk ya haddace. Na ce masa ka san me ake kiran ƙwaron da ya cije shi da Hausa? Ya ce a'a. Na ce gizo-gizo. Na ce ka san mu ma muna da Gizo, da matarsa Ƙoƙi, wanda ya fi kowa wayo a daji, ya yaudari kura ya yaudari zaki? Ya ɗago ya ce Baba yana harba zare? Wallahi sai na ji wani abu ya tokare min maƙogwaro, shekara 9 ban taɓa zama na yi masa tatsuniya ko ɗaya ba, alhali ni kakata duk dare sai ta tara mu a tsakar gida a kan tabarma. Na ce to ai dare ya yi, yanzu ne lokacinta, da rana ba a yi. Na ce in na ce ga ta nan ga ta nanku, kai kuma sai ka ce ta zo mu ji ta. Sau 3 yana maimaitawa kafin harshensa ya kama. Na fara masa ta Gizo da ya bi tsuntsaye cin ɓaure a tsakiyar ruwa da aron fukafukai, muna isa tasharmu daidai inda suka ƙwace gashinsu suka bar shi a kan bishiya, ya riƙe min hannun riga ya ce kar mu sauka sai na ƙarasa. Na ce tashi mu je, sauran a mota gobe, awa 6 ce a gabanmu.