Ambato dubu da rajistar asibiti: lacca kan auna binciken tarin fuka

Assalamu alaikum. Malamai, 'yan'uwa ɗalibai, barkanmu da yamma. An ce in yi magana kan yadda ake auna nauyin mai bincike a fagen tarin fuka, wato tibi. To, bari mu fara da awon kansa.

Idan masani ya wallafa bincike a mujalla, wani ya zo ya kafa hujja da shi a nasa rubutun, an ambace shi sau ɗaya ke nan. Eugene Garfield ne ya fara tattara irin wannan ƙirge a Amurka, kundinsa ya fito a 1964. A 2005 kuma Jorge Hirsch, masanin fiziks, ya kawo ma'aunin h. In aka ce h ɗinka 20 ne, kana da maƙala 20 da aka ambaci kowacce aƙalla sau 20. Yau kowa na iya buɗe Google Scholar ya ga nasa, kuma na san wasunmu suna leƙawa kusan kullum kamar mai jiran albashi.

Ga mutumin da awon nan ya yi masa adalci. A 1998 Stewart Cole na Cibiyar Pasteur a Faransa, tare da abokan aiki a Cibiyar Sanger ta Ingila, suka wallafa cikakkiyar taswirar ƙwayoyin halittar ƙwayar tarin fuka a mujallar Nature. Nau'in da ake kira H37Rv suka karanta, haruffan sinadarin gado (DNA) sama da miliyan 4 da dubu 400, da ƙwayoyin gado kusan 4,000. An ambaci wannan maƙala sau dubbai, kuma dalili a fili yake: duk mai neman sabon magani, ko mai son gane yadda ƙwayar ke bijire wa maganin rifampicin, da taswirar nan zai yi aiki, dole ya faɗi inda ya samo ta. Kamar rijiyar tsakiyar gari ce, kowa ya ɗebi ruwa sai ya bar sawu.

Yanzu ku saurari labarin Karel Styblo, likita ɗan ƙasar Cek, wanda shi kansa ya kamu da tarin fuka a sansanin fursunoni na 'yan Nazi da ke Mauthausen lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Daga ƙarshen shekarun 1970 ya shiga aiki da gwamnatin Tanzaniya. Bai gano sabuwar ƙwaya ba, bai haɗa sabon magani ba. Tsari ya shimfiɗa: a duba kakin mai tari da madubin likita, a ba shi gajeren zangon magani, a watannin farko ya haɗiye a gaban ma'aikacin lafiya, kada magani ya yanke a rumbu, sannan kowace gunduma ta riƙe rajista. Rajistar nan ita ce ƙashin bayan aikin. Duk wata uku a zauna a ƙirga: nawa suka warke, nawa suka rasu, nawa suka daina zuwa. Masu warkewa suka tashi daga ƙasa da rabi zuwa kusan kashi 80 cikin ɗari.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana tarin fuka a matsayin matsalar gaggawa a 1993, ta ɗauki tsarin Styblo ta raɗa masa suna DOTS. Wanda ya taɓa aiki a ɗakin tibi a Kano ko Maraɗi, ko ya je horo cibiyar tarin fuka da kuturta ta Saye a Zariya, ya riƙe jikanyar waccan rajista a hannunsa. Amma ma'aikaciyar jinyar da ke cike ta ba ta rubuta maƙala, saboda haka ba ta taɓa ambaton Styblo ba, kwamfuta kuwa abin da aka rubuta kawai take gani. Ni a wurina, kwamitin ƙarin girma da ya tsaya kan lamba kaɗai zai iya wuce irin wannan mutum bai waiwaya ba.

Akwai wani abu da nake so ku lura da shi kafin lokaci ya ƙure. Cikin ayyukan Styblo da masana suka yi ta ambato akwai ƙa'idar da ya fitar a 1985: idan kashi 1 cikin ɗari na jama'a suna ɗaukar ƙwayar a shekara, a sa ran sabbin masu tari 50 da za a ga ƙwayar a kakinsu cikin mutum dubu 100. An daɗe ana ƙiyasin yawan cutar da ita. A 2008 wasu masana suka sake duba alƙaluman ƙasashe, suka nuna cewa a zamanin da ake ba da magani ƙa'idar ba ta tsayuwa. Kuma kowane wanda ya rubuta don ya rushe ta sai da ya ambace ta, lambar ta ƙaru da ɗaya.

Shugaban zama yana nuna mini agogo. A kawo tambayoyi, mu fara da 'yar'uwar da ke can baya.