Tun ran gini tun ran zane: wa ake tambaya kafin a tsara unguwa a Abuja?

Hajiya Rabi: Assalamu alaikum, masu saurare, barkanmu da sake haɗuwa daga nan Abuja. Ina tare da Malam Isa, wanda ya yi shekaru yana aikin safiyo kafin ya yi ritaya, da kuma Barista Nura. Batunmu na yau shi ne jin ra'ayin jama'a kafin a yanke shawara a kan filaye da tsarin gari, kuma abin da ya sa na nace mu ɗauko shi wani taro ne da na halarta a watan jiya. Wani kamfani zai gina rukunin gidaje da hanya a bayan unguwarmu, sai aka ce an gayyaci masu ruwa da tsaki. An yi taron a otal, ranar Talata da ƙarfe goma na safe, lokacin da mai shago yana shago, ma'aikaci yana ofis, kuma tun daga buɗewa har tashi da Turanci aka yi. Aka haska mana taswira a bango, aka zagaya da takardar sa hannu, aka raba lemo. Da na biyo ta wurin a hanyar gida, sai na tarar an riga an kafa duwatsun iyaka, ga katafila a tsaye. Malam, wannan shi ake kira shawara?

Malam Isa: Wa alaikumus salam. Hajiya, sanarwa aka yi muku. Ma'aunin da nake dubawa ɗaya ne, wato ko layin da ke kan taswirar yana iya matsawa a ranar da aka kira ku. Idan an kafa dutse, an ba ɗan kwangila kuɗin kama aiki, to duk abin da kuka faɗa ihu ne bayan hari. Sai dai kada mu yi mamaki sosai, domin garin kansa da umarni aka haife shi. A 1975 Janar Murtala Muhammed ya kafa kwamitin duba batun sabon babban birnin ƙasa a ƙarƙashin Mai Shari'a Akinola Aguda, kuma a ranar 3 ga Fabrairu 1976 dokar soja mai lamba 6 ta yanki ƙasa kusan murabba'in kilomita 8,000 daga jihohin Neja da Filato da Kwara na wancan lokaci. Hatta sunan Abuja na tsohuwar masarauta ne, wadda ta koma Suleja. Babbar taswirar birnin kuwa wata haɗakar kamfanonin Amurka mai suna International Planning Associates ce ta miƙa ta a 1979, sannan Kenzo Tange, mutumin Japan, ya zana tsakiyar gari.

Barista Nura: Baba, bari in ƙara a kan wannan, domin a nan tushen matsalar yake. An yi wancan zane ne da tunanin cewa za a kwashe duk wanda ke zaune a yankin a kai shi waje, a sami fili fetal. Alhali akwai Gbagyi da Gade da Gwandara da Koro da Bassa da Ganagana, da gonakinsu na doya, da makabartun kakanninsu. Mutanen Wuse aka kai su Sabon Wuse a jihar Neja. A 1978 gwamnatin Obasanjo ta ga kuɗin kwashe kowa ya fi ƙarfinta, sai aka ce wanda aikin bai iso gare shi ba ya zauna inda yake. Daga baya aka kai mutanen Maitama Kubwa, aka kuma bar ƙauyen Garki a wurinsa birni ya kewaye shi. Manufa ta yi ta sauyawa, kuma kowane sauyi daga sama ya sauko.

Hajiya Rabi: To, Barista, a yau me doka ta ce? Akwai inda aka wajabta a tambaye mu, ko kuwa alfarma ce ake yi mana idan an ga dama?

Barista Nura: Akwai, Hajiya, kuma abin takaici shi ne mafi yawanmu ba mu sani ba. Dokar tsara birane da yankuna ta 1992 ta tanadi a nemi gudummawar jama'a tun ana shirya tsari, a baje daftarin inda kowa zai gani, a karɓi ƙorafi a rubuce, a kuma duba shi kafin a amince. A 2003 Kotun Ƙoli, a ƙarar da jihar Legas ta shigar, ta ce tsara gari hurumin jihohi ne, don haka ikon tarayya a wannan fanni ya tsaya a Babban Birnin Tarayya. Ma'anar haka ita ce, idan akwai wurin da dokar nan ta kama sosai, to nan ne. Akwai kuma dokar auna illar manyan ayyuka ga muhalli, ita ma ta 1992, wadda a ƙarƙashinta ake baje rahoto na kwanakin aiki 21 domin mutane su karanta su yi magana. Sannan dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba hukuma kwana bakwai ta amsa wa wanda ya rubuto yana neman takarda.

Malam Isa: Duk wannan gaskiya ne a takarda. Amma ka taɓa ganin irin wannan rahoto, Nura? Kundi ne mai kauri kamar bulo, cike da Turancin injiniyoyi, a ajiye a kan teburin wani ofis, sanarwarsa kuma tana can cikin shafin jaridar da ba ta zuwa Dei-Dei ko Karshi. Mai sayar da katako zai rufe rumfa ya je ya karanta wannan?

Barista Nura: Ba zai je ba, Baba. Kuma akwai abin da ya sa rashin zuwansa ya fi ciwo a Abuja fiye da Kano ko Filato. Dokar filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana, gwamna kuwa ya san zai dawo neman ƙuri'a. A nan, tsarin mulki ya mallaka ƙasar ga gwamnatin tarayya, ministan da shugaban ƙasa ya naɗa ne ke sa hannu a takardar mallaka, ba mu da majalisar jiha, sanata ɗaya da 'yan majalisar wakilai biyu kawai gare mu. Shugabannin ƙananan hukumomi shida da muke zaɓa, daga AMAC, wato ta cikin birnin Abuja, da Bwari da Gwagwalada har Kuje da Kwali da Abaji, ba su ne masu ikon ba da fili ba. Saboda haka zaman sauraron jama'a kusan shi ne ƙofa ɗaya da mazaunin Abuja ke da ita zuwa ga mai alƙalami.

Hajiya Rabi: Kuma idan ƙofar ta rufe, sai mutum ya wayi gari ya ga jan fenti a bangon gidansa. Ga da yawa daga cikinmu wannan alamar ita ce karo na farko da muka san akwai wani tsari da ya shafi unguwarmu.

Malam Isa: A nan zan ɗan saɓa muku, ku yi haƙuri. Na ga rusau na zamanin Malam Nasiru El-Rufai, tsakanin 2003 da 2007, na ga kukan da aka sha, ban kuma raina shi ba. Amma na san mutanen da na ce musu da bakina kada su sayi wuri kaza, hanyar ruwa ce, ko kuma layin bututun ƙazanta ne, suka biya dillali, suka karɓi takardar dagaci, suka yi gini da dare. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Ku dubi yadda ambaliya ke yi wa wasu rukunan gidaje a Lokogoma da Lugbe. Da za a tara mazauna wurin a ce su ɗaga hannu, duk za su ce a bar su, amma ruwa ba ya halartar taro. Akwai abin da ilimin ƙasa ne ke yanke shi, ko mutane sun so ko sun ƙi.

Hajiya Rabi: Na yarda, Malam, amma ai ilimin ƙasar ba a ofis kaɗai yake ba.

Malam Isa: Kin kama ni, kuma ni ne shaida a kan kaina. Ina saurayi muka je awo wani ƙauye da rani, ƙasa ta bushe ƙayau. Wata tsohuwa da ta dawo daga itace ta tsaya tana kallonmu, sai ta ce wa tafintanmu inda muke kafa dutsen nan, idan damina ta yi nisa, ruwa yana kai wa namiji ƙugu. Muka yi dariya, domin taswirar da ke hannunmu ba ta nuna rafi ba. Da muka koma a watan Agusta, ko dutsen ba mu gani ba. Tun daga ranar, kafin in kafa na'ura sai na nemi tsofaffin wuri su nuna mini inda ruwa ke bi, da burtalin shanu, da mashaya, da kushewa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Abin da nake ƙi shi ne a mayar da shawara ƙidayar hannuwa, amma tambayar mutane abin da suka sani, wannan rabin aikin ne.

Barista Nura: Wannan ya kawo mu ga tambaya mafi wuya, wato su wane ne jama'ar. Sau da yawa ana ganin idan an zauna da sarki ko dagaci, an ɗauki hoto, to an gama. Amma ku ɗauki unguwa irin Mpape ko Nyanya. Akwai ɗan asalin wuri mai maganar gonar gado, akwai wanda ya saya a hannunsa shekara ashirin da suka wuce, akwai ɗan haya wanda shi ne mafi yawa kuma ba shi da takardar komai, akwai mai shayi da bakanike da ke cin abinci a bakin hanyar da za a faɗaɗa, akwai Bafulatanin da ke ratsawa da shanu. Buƙatunsu sukan ci karo. Idan gwamnati ta karɓi fili domin amfanin jama'a, doka ta ce diyya a kan gini da amfanin gona da itatuwa take, ba a kan ƙasar kanta ba, kuma ɗan haya yawanci ba ya ganin ko kwabo. A Mpape, da aka sanar da shirin rusau a 2012, mazauna sun garzaya kotu, sai a 2017 aka yanke hukuncin da ya hana. Shekara biyar mutane suna kwana da fargaba a kan maganar da ya kamata a fara ta a zaure.

Hajiya Rabi: Ka manta da mata, Barista. A taron da na je mu uku ne a cikin zauren, alhali matan unguwar ne suka san inda ake ɗibar ruwa, da hanyar da yara ke bi zuwa Islamiyya, wadda sabuwar katangar za ta datse.

Barista Nura: Na karɓi gyara, Hajiya. Kuma kada a ɗauka talaka kaɗai abin ke ci. Titin Aminu Kano a Wuse 2 gidajen kwana ne a tsarin farko, yau bankuna ne da shaguna da wuraren cin abinci, motoci sun cika gefen hanya. Kowane gida da aka sauya wa amfani, maƙwabcinsa ne ke ɗaukar hayaniyar da ƙarar janareta, kuma da wuya ka ji wanda aka ƙwanƙwasa wa ƙofa aka tambaye shi.

Malam Isa: Taswirar 1979 ta yi hasashen mutum miliyan 1.6 zuwa shekarar 2000, da miliyan uku da 'yan kai idan birni ya kammala. Gwamnati ta tare a ranar 12 ga Disamba 1991, kuma wanda ya taɓa shiga cunkoson Mararaba zuwa shataletalen AYA da asuba ya san lissafin ya daɗe da ɓacewa. Dole a sake zane, an ma fara aikin bitar taswirar da tallafin hukumar JICA ta Japan. Ni da za a tambaye ni, sai in ce a kai daftarin sakatariyar kowace ƙaramar hukuma da fadar kowane sarki, a yi bayaninsa da Hausa da Gbagyi a rediyo, a yi zama ranar Asabar ko bayan la'asar a filin makarantar firamare. Abin da ya fi duka kuwa, a dawo wa mutane da amsa a rubuce, a ce ga abin da kuka nema, ga wanda aka karɓa, ga wanda aka ƙi da dalilinsa. Mutum yana iya haƙuri da a ƙi maganarsa idan an gaya masa dalili.

Hajiya Rabi: To ni yanzu, da katafila ta riga ta iso, me ya rage mini?

Barista Nura: Ku rubuta a matsayin ƙungiyar mazauna, da sa hannun mutane da yawa har da 'yan haya, zuwa sashen kula da gine-gine, ku nemi a nuna muku izinin ginin da taswirar da aka amince da ita. Ku tambayi AGIS, hukumar da ke ajiye bayanan filayen Abuja, amfanin da aka rubuta wa filin tun asali, domin idan wurin shaƙatawa ne ko makaranta, maganar ta sauya. Ku tabbata an buga hatimin karɓa da kwanan wata a kwafinku, ku ɗauki hoton hanyar yaran da magudanar ruwa kafin a taɓa su. Kuma waccan takardar sa hannu ta otal, ku nemi kwafinta, ku ga abin da aka rubuta a samanta, domin wani lokaci takardar halarta ce ke rikiɗa ta zama takardar amincewa.

Hajiya Rabi: Innalillahi, ni kuwa na sa hannu ban duba saman ba. Gobe da safe zan nemi sakataren unguwarmu. Malam, za ka zo ka duba mana duwatsun nan?

Malam Isa: Zan zo ranar Asabar in Allah ya kai mu, amma ki tara mini tsofaffin unguwar tukuna, musamman wanda ya san inda ruwa ke bi kafin a yi kwalta.

Hajiya Rabi: An gama, Malam. Masu saurare, sai mako mai zuwa, mu kwana lafiya.