Yadda takarda ɗaya daga Najaf take fito da dubban mutane

[Wajen mai shayi a kasuwar Gadarif, matasa sun taru a kan waya ɗaya]

Satin nan wani tsohon bidiyo ya sake dawowa a WhatsApp: maza cike da manyan motoci a Iraƙi, kowa na neman a rubuta sunansa ya tafi yaƙi. A nan wajen shayi gardama ta kaure har jabana, wato gahawarmu, ta huce. Ɗaya ya ce Iran ce ta ba da oda, ɗaya ya ce gwamnati ce ta raba kuɗi. Kawu, yi haƙuri, duk ba haka ba ne.

Bidiyon na watan Yuni ne, 2014. Mosul ta faɗa hannun Da'ish ranar 10, ranar 13 wakilin Ayatullahi Ali Sistani, babban malamin 'yan Shi'a, ya hau mumbari a Karbala ya karanta kiran cewa mai iya ɗaukar makami ya fito kare ƙasa. Shi Sistanin ma bai fito ba. Yana gidansa cikin wani lungu a Najaf, birnin malaman Shi'a a Iraƙi, ba shi da muƙami, ba shi da jam'iyya. To me ya sa aka ji maganarsa?

[Lungun Najaf, ɗalibai da rawuna]

Nan ne mutanenmu suke ɓata, don haka mu ɗan zauna. A wajen mafi yawan 'yan Shi'a masu bin imamai goma sha biyu, duk wanda bai kai matsayin yin ijtihadi ba dole ya zaɓi babban malami ɗaya ya riƙa bin fatawarsa. Ana kiran malamin marji'i, bin kuma taƙlidi. Sharaɗin da ya canza komai shi ne malamin ya kasance yana raye lokacin da ka fara binsa. Mu da muka taso da Malikiyya littafi muke buɗewa, mu ga abin da magabata suka faɗa. Ɗan Shi'a kuwa yana da mutum mai rai da zai iya cewa yau, a kan abin da ya faru jiya, ga hukunci.

Kuma ba sarki ne yake naɗa marji'i ba, ba a kuma gadonsa. Wani zai ce ai kamar Ansar da Khatmiyya ne a nan Sudan. Akwai kama, amma can gidan Mahdi da gidan Mirghani ake bi, nan kuwa sai ka shekara da shekaru kana koyarwa har malamai su shaida ka fi sani.

[Buhunan riɗi ana lodi]

Sai kuɗi, wato humusi. Mu ƙaddara manomi ne, ya ci ya sha, ya biya bashi, ya yi wa iyali sutura, shekara ta zagayo ya sami rarar buhu goma na riɗi. Biyu humusi ne. Ɗaya na sharifai mabukata, ɗayan kuma, wanda ake kira rabon Imam (wato Imam na goma sha biyu, Mahdin da suke jira), a hannun marji'in da yake bi zai sa shi, ta hanyar wakilinsa. Da shi ake ciyar da ɗalibai, a riƙe makarantu da asibitoci. Baitulmalin gwamnati ko ƙwaya bai gani ba. Malamin da albashinsa yake fitowa daga ma'aikata sai ya auna kafin ya buɗe baki. Wannan kuwa 'yan kasuwa da manoma ne suke riƙe da shi, kuma wakilan da suke karɓar kuɗin su ne suke isar da saƙo har ƙauye. A ganina wannan ne ainihin sirrin, ya fi rawani da gemu.

[Tsofaffin hotunan Tehran, tulun shisha]

Ga gwaji. A 1890 Sarkin Iran Nasiruddin Shah ya ba wani Bature ɗan Ingila, Talbot, ikon cinikin tabar ƙasar gaba ɗaya na shekara 50. Ƙarshen 1891 fatawa ta bazu da sunan marji'i Mirza Hasan Shirazi, wanda yake zaune a Samarra ta Iraƙi, cewa shan taba yanzu kamar yaƙar Imam ne. Ƙasa ta ajiye taba, ana ma ba da labarin har matan fada sun ƙi sha. Farkon 1892 sarki ya soke yarjejeniyar. Ku gwada raba mutumin Gadarif da sa'ut, garin tabar da ake sawa a leɓe, na yini ɗaya, ku ga aiki.

[Sur da Ba'alabak, taron jama'a]

Sauran da gudu. Malamin Shi'a Musa Sadr ya sauka Sur a kudancin Labanon a 1959, ya tarar da 'yan Shi'a su ne talakawan ƙasar. Ya buɗe makarantar koyon sana'a, ya shugabanci majalisar 'yan Shi'a daga 1969, ya kafa Harkar Mahrumin, ƙungiyar waɗanda aka tauye wa haƙƙi, a 1974, ya ɓace a Libiya a 1978. Khumaini shi kuma ya ce malami da kansa zai riƙe mulki, abin da ya koyar a Najaf a 1970 kenan, ya aiwatar a 1979. Sistani bai bi wannan hanyar ba: ya matsa a yi zaɓen 2005 a Iraƙi, ya bar kujera ga 'yan siyasa.

Ni dai akwai abin da yake damuna a tsarin. Kiran 2014 ya taimaka wajen tare Da'ish, amma rundunonin da suka taru a ƙarƙashinsa, Hashdu Sha'abi, wasunsu sun fi jin Tehran fiye da Najaf, an kuma zarge su da cin zarafin fararen hula. Tara jama'a ya zo da sauƙi, mayar da su gida ne ya gagara.

[Komawa wajen mai shayi]

Kawu ya ce to su 'yan Shi'ar Ƙaɗif da Ahsa a Saudiyya fa, wa suke bi? Da yawansu Najaf. Inna, ƙara mana shayi, wannan sai bidiyo na gaba.