Farautar akwati a kan sawun Whipple

Ga wani ɗan akwati da aka cusa ƙarƙashin dutse a hamadar Arizona. Babu zinariya a ciki. Ɗan littafi ne da guntun fensir da tarkacen wasan yara. Amma akwai masu yin tafiyar yini guda don su gano shi, su rubuta suna, su mayar da shi yadda suka tarar.

Sunan wasan jiyokashin. Wani ya ɓoye akwati, ya sa lambobin wurin a intanet, kai kuma ka bi su da GPS na wayarka. An fara shi ne ranar 3 ga Mayu 2000, da Dave Ulmer ya ɓoye bokiti kusa da Beavercreek a jihar Oregon, kwana ɗaya bayan gwamnatin Amurka ta daina dagula siginar GPS ɗin farar hula da gangan. Kuskuren da kan kai mita 100 ya dawo kamar mita 10.

Za ka iya yin wannan farauta a kan sawun masu awon layin dogo na da. To me ya haɗa wasan da jirgin ƙasa?

A 1853 majalisar dokokin Amurka ta ware dala 150,000 don a nemo inda za a shimfiɗa layin dogo daga kogin Mississippi zuwa tekun Fasifik. Sakataren yaƙi Jefferson Davis ya tura ayari-ayari. Ɗaya daga ciki na Laftanar Amiel Whipple ne, wanda ya tashi daga Fort Smith a Arkansas cikin Yuli 1853, ya ratsa ta Albuquerque, bai isa Los Angeles ba sai Maris 1854.

Aikinsu kishiyar naka ne. Kai an miƙa maka lambobi, kana neman wuri. Su kuwa suna tsaye a wurin, lambobin ne babu. Da rana su ƙirga juyin tayar keken doki don sanin nisa, su auna tsayin ƙasa da ma'aunin nauyin iska, domin jirgin ƙasa ba ya son hawa mai tsanani. Da dare, bayan an sha tafiya, wani ya zauna cikin sanyi yana auna taurari. Sanin arewa da kudu da sauƙi. Gabas da yamma ne jidali, don sai da agogon da ba ya kuskure, shi kuwa agogo ya wuni yana shan girgiza a kan duwatsu. Abin da wayarka ke nuna maka kafin ka ƙifta ido, su kwana suke yi a kansa.

Kuma duk da kayan awon nan, da suka kai kogin Colorado a Fabrairu 1854, sun riga sun zubar da galibin kekunansu a hanya. Mutanen Mojave, 'yan asalin yankin, su ne suka taimaka musu haye ruwa, suka kuma nuna musu inda ake samun ruwan sha a hamada. Ɗan gari ai ya fi taswira.

Bin sawun nan yau ba wuya, domin layin dogon Santa Fe da hanyar Route 66 da babbar hanyar I-40 duk kusan nan suka bi. Sai dai wasan yana da dokoki. Ba a binne akwati. Tsakanin akwati da akwati sai an bar mita 161. Ba a ɓoyewa daf da layin dogon da jirgi ke bi, abin dariya ga mai bin tarihin layin dogo, amma dokar ta yi daidai. Ƙasar Navajo da ta Zuni kuwa, ƙabilun 'yan asalin yankin, suna da hukumominsu, ba ka barin babbar hanya ka shiga dajinsu sai da izini.

Idan ka kai New Mexico, ka ratse El Morro, dutsen da matafiya suka riƙa sassaƙa sunayensu a jikinsa, har da jagoran Turawan Sifen Juan de Oñate a 1605. Ayarin Whipple ya biyo ta nan a Nuwamba 1853. Yanzu an hana sassaƙa, an kuma hana ɓoye akwati ba da izini ba. Ka karanta nasu, ka koma mota, naka sunan sai a ɗan littafin akwati na gaba. Kafin ka cusa hannu ƙarƙashin dutse dai, fara zungura da sanda, akwai macizai.