Yatagan: Takobin da Sunansa Ya Fito Daga Kwanciya

Akwai wani takobi na Turkawa mai siffa ta daban. Lanƙwasarsa ta yi ciki, wajen kaifi, kusan yadda lauje yake, sai can wajen tsini ta sake miƙewa. Ba shi da ƙarfen nan na gicciye da ke kare hannu. A ƙarshen mariƙinsa kuma akwai wasu fuka-fukai biyu da suka buɗe, Turkawa na ce musu kunnuwa. Sunansa yatagan.

A rubutun Turkanci ana sa wata 'yar alama a kan harafin g ɗin, kuma ba a furta shi sosai, don haka a bakin Baturke abin da za ka ji ya fi kusa da "yataan". Tushen kalmar shi ne yatmak, wato kwanciya. Daga nan suka samu yatak, gado. Yatagan ke nan, mai kwanciya. To me ya haɗa takobi da kwanciya? Bayanin da aka fi yarda da shi yana wajen yadda ake ɗaukarsa. Mu namu takobin miƙaƙƙe ne, da hamila ake rataya shi a kafaɗa. Shi wannan cusa shi ake yi cikin ɗamara a gaban ciki, ya kwanta a gicciye cikin kubensa, hannu na kaiwa sai zarewa. Kunnuwan nan su ke tokare hannu kada ya suɓuce lokacin sara.

Akwai kuma labarin da mutanen wani gari mai suna Yatagan a lardin Denizli na Turkiyya ke bayarwa, cewa sunan na wani tsohon maƙeri ne da ake yi wa laƙabi da Yatagan Baba. Labarin baka ne, amma har gobe ana ƙera wuƙaƙe a garin.

Tsawon takobin yakan kama daga santimita 60 zuwa 80. Ya yi tashe a daular Usmaniyya tun daga ƙarni na 16 har cikin na 19, kuma an fi saninsa a ɗamarar Janisari, dakarun ƙasa na sarki, waɗanda Sultan Mahmud na Biyu ya rusa a 1826. Ɗaya daga cikin mafi tsufa da suka rage yana fadar Topkapi a Istanbul, Ahmed Tekelu ne ya ƙera wa Sultan Sulaiman shi wajen 1526, da adon zinariya.

Amma ni na talakawan soja sun fi burge ni. Mariƙi na ƙashi ko ƙaho, mai hali ya sa haure ko azurfa da 'yan duwatsun murjani. A jikin ƙarfen za ka ga sunan maƙeri, sunan mai shi, shekarar Hijira, sai "Masha Allah" ko "Tawakkaltu alallah". Wasu ma sunayen As'habul Kahfi ake zana musu, har da karensu Ƙiɗmir, don neman tsari. Sunayen waɗanda suka yi dogon barci a kogo, a jikin takobin da ake kira mai kwanciya. Ko maƙeran sun lura da wannan dacen, Allah masani.

Kalmar ta bi daular duk inda ta taka. Sabiyawa na cewa jatagan, Girkawa yatagani, Rashawa ma sun ɗauka. Da ta shiga Turancin Ingila da Faransanci, marubuta suka riƙa jefa ta ga kowane lanƙwasasshen takobi na Gabas. Nan ne kuskuren yake. Takobin mahayan doki da ke lanƙwashewa baya, Turkawa kilij suke ce masa, kuma ita ce kalmarsu ta takobi gaba ɗaya.

A 1840 sojan Faransa suka fito da wuƙar bakin bindiga mai irin wannan lanƙwasa, suka kira ta yatagan. Bindigogin lokacin ta baki ake ɗura su, lanƙwasar kuwa tana kawar da tsini daga hannun mai ɗuri, kada ya soke kansa yana tura albarushi.